Layin da Bawa Ya Bari

Yayana Bawa ya rasu a bakin aikinsa, ƙarƙashin lemar da yake sayar da katin waya da data kusa da tashar mota ta Ƙaura Namoda. Wani mai keke napep ne ya zo sayen kati, ya yi sallama bai ji amsa ba, ya taɓa kafaɗarsa ya ji jiki ya saki. Likita ya ce hawan jini ne. Ban yi musu da shi ba, don shi aikinsa faɗin sunan cuta, ba faɗin abin da ya kawo ta ba. Mu a gida mun san abin da ya kawo ta.

Ni ce Asiya, wadda ke bi masa. A Shinkafi nake aure, can nake sayar da man gyaɗa, kuma duk dangi sun san ni da baki. Da labari ya iso ni na shiga mota, amma kafin in sauka an riga an kai shi. Na iske matarsa Rekiya zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, mata sun kewaye ta, hannu ɗaya da carbi, ɗayan riƙe da wayar Bawa. Mai keken ne ya kawo wayar tare da hularsa. Hular ta bari aka ɗauka aka adana, wayar kuwa ba ta sake ta ba har aka watse.

Bawa da Rekiya 'ya'ya biyu Allah ya bar musu, Mubashir da ƙanwarsa Nadiya. Shekarun baya Mubashir ya hau babur zai kai kaya kasuwar Zurmi, 'yan bindiga suka tare hanya suka shiga daji da shi. An tsinci wayarsa a fashe a gefen titi. Bayan 'yan kwanaki aka kira layin Bawa, kuma yaron ne da kansa, da wayar ɗaya daga cikin mutanen. Ya ce yana raye, ya ce za su sake kira su faɗi abin da suke so. Kafin su sake kira aka kashe sabis ɗin waya a jihar baki ɗaya, saboda waɗannan mutanen dai. Bawa ya riƙa hawa mota yana ƙetare iyakar jiha, ya tsaya inda sabis ke kamawa, ya yini da waya a hannu, ya dawo. Da aka maido da sabis bayan watanni babu wanda ya kira, lambar da aka kira shi da ita kuma ba ta sake shiga ba.

Lamba ɗaya Mubashir ya sani da ka a duniya, ita ce ta ubansa, domin shi ya rubuta ta da jan fenti a allon shagon tun yana sakandare. Rekiya ba ta da waya a lokacin, ta Nadiya kuma daga baya aka saya. Saboda haka kowa a gidan ya san in har yaron zai samu waya a hannunsa wata rana, a daji ne ko a Nijar ko a ko'ina, wannan layin zai kira, babu wani. Bawa ya riƙe layin har ranar da ya faɗi. Yanzu ga shi a hannun Rekiya, tana takaba, tana jona shi a caji kamar mai shayar da jinjiri.

Wahalar ita ce layin na kasuwanci ne. Da shi Bawa ke tura wa mutane kati, don haka ba ya yini bai yi ƙara ba. Duk ƙarar da ya yi sai Rekiya ta zabura ta ɗauka, ta saurara, sannan ta ce a hankali, “Mai shagon ya rasu.” Wasu su yi ta'aziyya, wasu su ce to wa zai tura musu katin. Na zauna da ita makonni ina kallon wannan, har na fara jin haushin duk wani mai waya a ƙasar Zamfara.

Ana gab da sadakar arba'in autanmu Mahmud ya kira ni zaure. Akanta ne, shi ke yi wa manyan 'yan kasuwar hatsi na Ƙaura lissafi da takardun haraji. Mutum ne da in ka ba shi goro sai ya nemi rasit. Amma kada in zalunce shi, tun ranar da aka ɗauke Mubashir rabin cefanen gidan nan daga aljihunsa yake fita, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma a bakin Rekiya na ji.

Ya ce, “Yaya Asiya, zamna ki ji wata magana.”

Na zauna. Ya yi mini bayani dalla-dalla, irin yadda yake yi wa 'yan kasuwarsa. Duk wata kamfanin waya kan biya dilolinsa kamasho a kan katin da suka sayar, amma kafin ya biya sai ya cire haraji ya tura wa hukuma da sunan dilan. Abin da aka riƙa cire wa Bawa ya zarce abin da ya kamata mai ƙaramin shago irinsa ya biya. Wanda aka cire wa fiye da kima yana da damar ya nemi a maido masa idan ya cika takardar harajin shekara. Bawa bai taɓa cika ta ba, shi gani yake abin da ya shiga hannun hukuma ya shiga ke nan. Yanzu magada na iya cika ta a madadinsa, su nemi abin da ya taru.

Ya ce, “Ba wata dukiya ba ta, amma ta isa ta biya ma Nadiya rajista da kuɗɗin shekara guda. Kin san ta samu gurbi kwalejin kimiyya, kuma rajista rufewa za a yi. Ni kau kin san yadda kasuwa take bana.”

Na ce alhamdulillahi, to me ake jira.

Ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce ofishin haraji ba zai karɓi buƙatar mamaci ba sai da takardar ƙarshe daga kamfani, mai nuna duk abin da aka cire masa. Kamfani kuma ba ya ba da ita sai an rufe asusun dilan. In an rufe asusun, lambar ta koma hannunsu.

Na ce, “Wace lamba?”

Ya ce, “Guda nawa gare shi, Yaya?”

Ban yarda ba sai da na je da ƙafata. Washegari na sa mayafi na bi shi ofishin kamfanin, na tarar da wata yarinya a bayan gilashi, sanyin na'ura na kaɗa ta. Na ce a mayar da layin sunan matar mamacin, ko sunan ɗiyarsa, sannan a rufe asusun. Ta ce layin dilanci ba a canja masa suna, da asusun yake tafiya. Na faɗa mata labarin Mubashir tun daga babur har zuwa kashe sabis, da ƙarfi, har mai gadi ya leƙo. Yarinyar ta saurare ni har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, ta tashi ta shiga wurin manajansu, ta daɗe, ta dawo ta ce ba ya yiwuwa. Ta ƙara da cewa ko ba a rufe ba, layin dilanci in ya daɗe ba a yi ciniki da shi ba kashe shi ake yi. Na so in zage ta, na rasa inda zan kama. Na fito na zagi mai keken da ya nemi ya ƙara mana kuɗi.

Da yamma Mahmud ya tsaya a bakin ƙofar Rekiya, daga bayan labule, ya faɗa mata komai. Bai ɓoye mata kome ba, bai kuma tausasa ba, don bai iya ba. 

Sai ta ce, “In yak kira hwa?”

Ya ce, “Shekara nawa yanzu, Rekiya?”

“Ban tambaye ka shekara ba. Na ce in yak kira, wa za ya ɗauka?”

“Wani za su ba lambar. Ko su aje ta.”

“To wani na za ya ce mai bai san mu ba.” Ta jawo wayar ta sa ƙarƙashin cinyarta. “Allah shi saka maka da alheri, Mahmud. Ba ni bada ta.”

Nadiya na tsakar gida tana wanke-wanke, ta ji duk abin da aka faɗa. Ba ta ɗago ba. Na lura dai ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita.

Yarinyar nan ni na yanke mata cibiya, don haka ba na jin nauyinta. Da muka keɓe a madafa na tambaye ta me take so. Ta ce abin da Inna ke so. Na ce ba Inna na tambaya ba. Ta tura ice cikin murhu ta ce, “Gwaggo, sau biyu ina samun gurbin ga. Na farko Baba ya ce in dakata, kada a kira a nemi kuɗɗi a iske an kashe su ga makaranta. Na dakata. Ban ce komi ba.” Sannan ta ce, “Ni ma ɗan'uwana na. Kada ki ga kamar ba ni son shi dawo.”

Na ce ban gani ba. Amma a raina na ji zafi ƙwarai, don na gane cewa shekarun nan duk hankalinmu na daji, babu wanda ya waiwayi wadda ke tsakar gida tana dafa mana tuwo.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Malam Armiya'u, limamin unguwar, shi aka kira, da dattawa biyu shaidu. Maza suka zauna a tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, ni da Nadiya a gefe, Rekiya a bakin ƙofarta, labule ya rufe rabin jikinta. Abin rabon ba shi da yawa: gidan, 'yar gona a hanyar Sakajiki, teburin shago da lemarsa, sai wannan haraji da Mahmud ya gabatar a matsayin haƙƙin mamaci da ke hannun hukuma.

Malam ya yi addu'a, sannan ya ce kafin a taɓa komai akwai mas'ala. Ɗaya daga cikin magada ya ɓata, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Irin wannan shari'a ba ta kashe shi da zato. Lissafi biyu ake yi, ɗaya a kan yana raye, ɗaya a kan ya riga ubansa rasuwa. Kowane magaji a ba shi mafi ƙaranci daga cikin biyun, sauran a ajiye, ba mai taɓawa har sai ya dawo ko alƙali ya yanke hukunci.

Ya fara da Rekiya. Ya ce ita nata tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, ko yaron na raye ko ba ya raye, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya juya ga Nadiya ya ce in ɗan'uwanta na raye rabin abin da ya samu za ta samu, in kuwa ya mutu rabin dukiyar duka nata ne. Sannan ya dubi Mahmud, ya dube ni.

Ya ce, “Ku biyu, in yaron na da rai ba ku da komi, ya shamakance ku. In kau ya riga uban, abin da yar rage naku na.”

Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Na zo wurin a matsayin mai rakiya, sai ga ni an ce ina da rabo, amma ba zan gan shi ba sai ranar da aka tabbatar ɗan yayana ya mutu. Na ji kamar an watsa mini ruwan wanke-wanke. Na dubi Mahmud na ga fuskarsa ta canja, don shi ya fi ni saurin lissafi. Ya gane yadda maganarsa ta rufe layi za ta zauna a kunnen mutane daga yau, ko da zuciyarsa fara ce tas. Duk wanda ke tsakar gidan nan daga cikinmu yana da abin da zai ƙaru da shi in Mubashir ya mutu, ban da uwarsa.

Mahmud ya ce, “Malam, a shaida. Ni don karatun yarinyag ga nit taso da maganar harajin ga. Ba ni son ko allura cikin kayan Yaya Bawa.”

Malam ya ce, “Ba wanda yat tuhume ka, Mahmud.”

Gaskiya ne ba wanda ya tuhume shi, amma dattawan nan biyu duk sun sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu.

Daga bayan labule Rekiya ta yi gyaran murya. Ta ce, “Malam, ina da tambaya. Abin da anka aje mai, ka ce ba mai taɓawa?”

“Ba mai taɓawa.”

“Ba a saidawa, ba a badawa?”

“Ba a yi.”

“To a sa layin ga cikin rabon Mubashir.”

 Mubashir ɗan fari ne, kuma Rekiya irin matan da ce masu alkunya. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a gaban mata, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Ranar da aka ɗauke shi ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Yau ga ta a gaban liman da dattawa ta faɗi sunan ƙarara, kamar wadda ta daɗe tana faɗinsa ita kaɗai.

Malam Armiya'u ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ana iya yi, layin dukiya ne kamar tebur da lema. Amma in an bar layin, harajin da ake nema ya tafi, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Ita Rekiya tana iya yafe nata. Na yaron, abin da ya fi masa amfani shi ake dubawa, kuma shi bai ga abin da ya fi wa ɓatacce amfani irin hanyar da zai nemi gida ba. Saura na Nadiya. Ita baliga ce, ba wanda zai yafe mata sai ita da bakinta.

Duk muka juya gare ta. Abin ya ba ni haushi, manya sun taru sun rasa yadda za su yi, sun ɗauki kayan sun ɗora wa yarinya.

Ta gyara mayafinta ta ce, “Na yafe.”

Malam ya ce, “Ba tilas, ɗiyata. Ki yi tunani.”

“Na yi tunani, Malam. Na yafe.” Sai ta juya wajen ƙofa. “Amma Inna, ki dube ni in hwaɗi, don ki san ni ta nih hwaɗa. Tun randa anka tahi da Yaya ba ki dube ni ba. In na kawo miki abinci wayak kika kallo. In na yi ciwo wayak kika kallo. Ban ce ki daina jiran shi ba. Ni dai ina nan, shi na nika son ki sani.”

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da ta yi kuka da abin ya zo da sauƙi.

Rekiya ta janye labulen gaba ɗaya, abin da mai takaba ba ta yi a gaban maza. Ta dubi ɗiyarta, ta daɗe tana dubanta, har yarinyar ta kasa jurewa ta sunkuyar da kai. Sannan ta ɗauko wayar daga cinyarta, ta miƙa hannu ta ajiye ta a bakin tabarmar maza.

Ta ce, “Mahmud, ɗauka ka kai musu. A rufe. Ta tahi makaranta.”

 Ni na san abin da ta ajiye a tabarmar nan, kowa ma ya sani.

Mahmud ya ja da baya kamar an ajiye masa garwashi. Ya ce, “Wallahi hannuna ba ya taɓa ta. Bayan abin da Malam yah hwaɗi? In kai ta a kashe, gobe in ci gado? A'a.”

Ta ce, “To Asiya.”

Na ce ni ma haka. Duk bakin nan nawa da ake faɗi, ranar ban samu ko kalma ɗaya mai amfani ba. Malam ya ce shi ba magaji ba ne, ba shi da ikon ɗauka. Wayar na nan a bakin tabarma, tsohuwa, bayanta ɗaure da roba, mu bakwai mun kewaye ta ba mai iya miƙa hannu. Kaza ta zo ta wuce ta gefenta ba wanda ya kore ta.

Nadiya ce ta tashi. Ta tako ta durƙusa ta ɗauke ta, ta goge ƙurar da gefen mayafinta.

Ta ce, “Malam, a rubuta ta cikin rabon Yaya kamar yadda Inna tac ce da farko. Ni ka riƙe mai ita.” Ta dubi Mahmud. “Baba Mahmud, Gwaggo ta ce in ba a yi ciniki da layin ba su da kansu ka kashe shi. Ko ba haka ba?”

Ya ce haka ne.

“To a bar min teburin da lemar cikin nawa rabo.”

Rekiya ta ce, “Nadiya, na ce ki tahi makaranta.”

“Na ji, Inna. Na ji kin ce.” Ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun da na zo. “Ya ishe ni.”

Ni bai ishe ni ba, kuma har yau bai ishe ni ba. Na yi faɗa a ranar, na yi washegari, na ce za mu haɗa kuɗi ni da Mahmud ko da zan sayar da tukwanen suyata. Ta ce ba kuɗin ba ne kawai, in ta tafi aji wa zai zauna a shago, Inna ba ta iya tura kati ba, kuma yaron haya ba zai san muryar Yaya ba in ya kira. Mahmud ya mayar da takardar harajin cikin jakarsa ba a cika ta ba. Lokacin miƙa ta ya zo ya wuce, rajistar makaranta ma ta rufe. Ban san ko daidai aka yi ba. Wani lokaci in ce yarinyar ta fi mu duka hankali, wani lokaci in ce mun taru mun cuce ta muna sa mata albarka.

Bayan Rekiya ta fita takaba na koma Shinkafi. Duk sanda na shigo Ƙaura sarin gyaɗa sai na biya ta bakin tasha. Nadiya na nan a kujerar ubanta, da hijabinta, ɗaliban kwalejin da ta so shiga suna tsayawa da jakunkunansu suna sayen data a hannunta. Ciniki na tafiya, ta fi Bawa iya kama kwastoma. Da azahar Rekiya kan aiko mata da abinci, wani lokaci ta kawo da kanta ta zauna a benci suna hira, abin da ban taɓa gani ba a da.

Zuwana na ƙarshe ina zaune a wurinta wayar ta yi ƙara. Ta duba, baƙuwar lamba ce. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru, ta juya wa hayaniyar tasha baya, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

Ta ce, “Salamu alaikum. Layin Bawa na, na Ƙaura. Nadiya ta.”

Sai ta yi shiru tana saurare. Ta ba mai kiran lokaci mai tsawo, fiye da yadda mai sayen kati ke buƙata, kafin ta jawo biro ta ce, “To, na nawa za a tura?”